Yadda Ake Tanadin Abincin Rana na Mako a Illela

Duk mai neman na kansa a bakin iyakar Illela da Ƙwanni, ɗan kabu-kabu ne ko ɗan dako ko mai canji, ya san inda kuɗinsa ke zurarewa: wurin mai abinci, da azahar. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, farantin shinkafa ya fi ƙarfin da yawa daga cikinsu. Maganin yana gida.

Da zafin garin nan, ga wuta ba tabbas, ba a dafa abincin kwana bakwai a ajiye. Kayan haɗi ake shiryawa.

Ranar Lahadi ce kasuwar Illela. A dakata sai la'asar sakaliya, lokacin da masu kayan gwari ke neman rabuwa da saura. A auno wake da shinkafa da kwano, a sayi man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, albasa, busasshen tattasai da tumatir, da zogale. Sayen ƙulli-ƙulli kullum shi ke cinye aljihu.

A daren nan uwargida ta tsince waken mako gaba ɗaya. Ta ware wani, ta haɗa da busasshen rogo da kuka, a kai inji: garin ɗanwake ya samu. Ta daka yaji, ta soya albasa a mai ta juye a kwalba.

Miya ce ke son haƙuri. A jiƙa tattasai da tumatir, a markaɗa, a dafa har ruwan ya tsotse, sannan a soya. Sai mai ya taso sama ja wur, ƙasan tukunya ya fara kamawa, a sauke. Wadda aka yi wa gaggawa kafin Talata ta yi tsami. Ko mai kyau, a riƙa ɗumama ta safe da yamma, kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali, a cinye ta cikin kwana uku.

Kowace safiya aikin kaɗan ne. Farkon mako shinkafa da miya, daga nan garau-garau, ɗanwake, kwaɗon zogale da ƙuli. A zuba a kula da zafinsa.

Maigida, kuɗin farantin da ba ka saya ba, jefa shi asusu a ranar, kuma ka tuna da wadda ta tashi da asuba ta hura wutar.