Jijiyoyin da ke shayar da ƙoda

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a ƙasan haƙarƙari ta wajen baya. Ƙanana ne, amma kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke turawa wurinsu yake zuwa. Wata babbar jijiya ce ke kai wa kowace ƙoda jini, sai ta rarrabu zuwa siraran jijiyoyi har cikin matatu kimanin miliyan 1. A kowace rana matatun ƙodojin biyu suna tace ruwa kusan lita 180. Jiki ya mayar da mafi yawansa, abin da ya rage, wajen lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari.

To, idan babbar jijiyar ta tsuke fa? Mai noman rani ya san yadda ruwa ke raguwa a gona idan an taka tiyo. Haka ƙoda take shiga ƙishin jini. Abin da ya fi tsuke ta shi ne kitse da ke taruwa a bangonta, musamman ga dattawa, da masu shan taba, da masu ciwon suga. Akwai kuma nau'in da ya fi kama mata masu ƙananan shekaru, inda bangon jijiyar kansa ke yin kauri.

Ƙodar da jini ya yi wa ƙaranci ba ta zama shiru. Takan saki wani sinadari mai suna renin, shi kuma ya sa jijiyoyin jiki su matse, jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Nan da nan sai jini ya hau. Wani likita a birnin Cleveland na Amurka, Harry Goldblatt, ya tabbatar da haka a 1934: ya matse jijiyar ƙodar karnuka da ɗan ƙarfe, sai ga jininsu ya hau. Shi ya sa likitoci ke zargin wannan jijiya idan hawan jini ya kama wanda bai kai shekara 30 ba, ko ya ƙi sauka ana shan magani iri uku.

Sai dai a asibitocinmu an fi ganin ɓarnar ta ɗaya ɓangaren. Hawan jinin da aka bari shekara da shekaru, da sugan da ba a kula da shi ba, su ne ke cinye siraran jijiyoyin cikin ƙoda. Ƙoda ta raunana, jini ya ƙara hawa, hawan ya ƙara raunana ta. Masu amosanin jini, wato sikila, su ma suna cikin haɗari, domin ƙwayoyin jininsu kan toshe waɗannan jijiyoyi, har a ga jini a fitsari. Wani lokaci kuma gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke fitar da jini daga ƙoda.

Abin tausayin shi ne ciwon ba ya sallama. Mutum yana cin kasuwarsa, yana zuwa gona, ba ya jin komai. Kafin a ga kumburin ƙafa da fuska, ko fitsari mai kumfa, ko kasala da rashin cin abinci, sau da yawa ɓarna ta yi nisa. A nan ne ake maganar wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa 4, ko kuma dashe, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi tun 2002. Kuɗin nan ya sa gidaje da dama sun sayar da gona.

Kuma ana ƙara wa ƙoda nauyi a kemis. Maganin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, wanda leburori da direbobi ke haɗiya kullum da sunan maganin gajiya, yana rage jinin da ke isa ƙoda. Mai hawan jini ko sikila bai kamata ya sha shi ba sai da izinin likita.

Awon hawan jini ba ya ɗaukar minti biyar. Idan ana ta samun 140 bisa 90 ko fiye, sai a nemi gwajin fitsari da na jini don a duba ƙoda, likita kuma na iya tura mutum hoton jijiyar. Gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kuwa ya ci gaba da sha ko da yana jin garau, domin idan ya daina jinin zai sake hawa.