Hawan Jini: Ba A Aron Maganin Maƙwabci

Awon jini lamba biyu yake bayarwa, ta sama da ta ƙasa. Yawancin masu zuwa wurina awo daga Gwarzo, Getso, Kabo da Garo ta sama kawai suke tambaya. Ita kuwa ta ƙasa tana nuna ƙarfin da jini ke matsa jijiyoyi lokacin da zuciya ta ɗan huta tsakanin bugu da bugu. In aka auna a ranaku daban-daban tana kai 90 ko fiye, hawan jini ne, ko da ta sama ba ta kai 140 ba. Mun fi ganin haka ga 'yan ƙasa da shekara hamsin, magidanta masu jin ƙarfinsu, ba ciwon kai ba jiri.

Babu ƙwayar da aka yi don lambar ƙasa ita kaɗai. Maganin da ke sauke ɗaya shi ke sauke ɗayar. Abin da muke dubawa shi ne wanda zai sha.

Tsarin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta shimfiɗa, wanda aka fara aiki da shi a ƙananan asibitocin Kano da Ogun, yana farawa da amlodipine miligiram 5, sau ɗaya a rana. In bai wadatar ba a haɗa da losartan, daga baya a ƙara mai sa fitsari. Akwai dalili. Binciken CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin da ke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata. Illar amlodipine da aka fi kawo mana ƙara ita ce kumburin ƙafa: takalmin da ya shiga da safe ya ƙi shiga da la'asar.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne mata. Wata matashiya ta kwance bakin mayafi ta miƙo mini katin lisinopril, saura ƙwaya huɗu, ga ciki wata biyar. Na ce, "Baiwar Allah, wa ya rubuta miki?" Ta ce, "Na Baba ne, likita, shi ma jinin gare shi." Lisinopril da losartan suna lalata ƙodar jariri tun yana ciki. Mai juna biyu methyldopa ko nifedipine ko labetalol ake ba ta, kuma a wurin awon ciki, saboda gudun jijjiga. Amma wannan maganin da ya haramta gare ta, shi ne muke zaɓa wa mai ciwon suga don ya kare masa ƙoda.

Mai sa fitsari, irin su Moduretic, yana aiki, sai dai manomin da zai yini a rana ko mai azumi a tsananin zafi ya faɗa mana kafin mu rubuta. Haka wanda ke shan diclofenac kullum don ciwon jiki, ko mai cika kanwa da dunƙule a miya. Waɗannan abubuwan suna warware aikin maganin.

Don Allah duk wanda zai zo awo ya taho da katin duk maganin da yake sha, har na kemis da na gargajiya. Kuma kada a daina sha don lamba ta sauka, maganin ne ya sauke ta.