Ciwon gaɓɓai ba duka ne sanyi ba

A aikina na likitan gaɓɓai, abin da ya fi sosa mini rai shi ne yadda marasa lafiya ke zuwa a makare. Mace za ta shigo yatsunta sun karkace sun nufi ƙaramin yatsa, ba ta iya matse wanki, ba ta iya tuƙa tuwo, zaman tahiya ma sai ta dafa bango. In na ce, "Hajiya, tun yaushe?" sai ta ce, "Likita, an daɗe. An ce mini sanyi ne."

Gaskiya ne akwai ciwon gwiwa na tsufa da nauyin jiki. Amma akwai wani daban, amosanin gaɓɓai, wanda garkuwar jiki ce ke juyowa tana yaƙar tantanin da ya lulluɓe gaɓa. Gaɓar ta kumbura, a hankali guringuntsi da ƙashi su zaizaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne. Ƙananan gaɓɓan hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa suna kumbura, galibi dama da hagu tare. Da asuba hannu ya sandare, ya fi rabin awa bai saki ba, har alwala ta gagara. Ga kasala da rama. Idan kuma akwai zubewar gashi, ƙuraje a kumatu da gyambon baki, muna binciken cutar lufus, wadda kan taɓa ƙoda.

Inda ake yin asara shi ne kemis. A ƙulla wa mutum "haɗi" a leda, da diklofenak da firednisolon ko deksametason a ciki. Ciwo ya lafa, ya ɗauka ya warke, alhali gaɓa na ci gaba da lalacewa. Bayan watanni fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su shigo, ga gyambon ciki, ga raunin ƙoda. Wanda ya daɗe yana shan firednisolon kada ya daina rana ɗaya. Likita ne zai janye shi sannu a hankali.

A asibiti muna duba gaɓa ɗaya bayan ɗaya, mu yi gwajin jini da hoton ƙashi. Gwaji kaɗai ba ya yanke hukunci, don wasu suna da cutar amma jininsu bai nuna ba. Ginshiƙin magani shi ne metotireksat. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, tare da folik asid da gwajin hanta da na jini lokaci-lokaci. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shan sa, akwai madadinsa. Yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, sai an yi haƙuri.

Cutar ba ta warkewa kwata-kwata, amma wanda aka fara yi wa magani a watannin farko yakan koma sana'arsa. Gaɓar da ta riga ta karkace kuwa, ƙwaya ba ta miƙe ta.

Don Allah, 'yan'uwa, duk wanda gaɓɓansa suka kumbura har mako shida, ya je asibiti ya nemi a tura shi wajen likitan gaɓɓai. Magidanta kuma ku daina cewa raki ne ko lalaci. Ku kai matanku asibiti da wuri.