DARASIN WANNAN WATA: LAYI UKU KOWACE RANA

'Yan'uwa ɗaliban yaƙi da jahilci na Masama da Gwandu da Kalgo, kun gama aji, kun karɓi takardar shaida. To, amma akwai haɗari guda. Fartanyar da aka jingine tsatsa take yi. Haka hannun da ya daina riƙe biro, cikin 'yan watanni sai haruffa su gudu, wahalar da aka sha ta tafi a banza. Maganin abin shi ne rubutu kullum.

Rubutu gadonmu ne

Ƙasarmu ta Gwandu ba baƙuwar alƙalami ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa yake Gwandu, ya bar littattafai masu yawa. Cikinsu akwai tafsirin Alƙur'ani mai suna Diya'ut Ta'wil. Yaƙi da mulki ba su hana shi rubutu ba.

Kada wani ya ce ai shi babban malami ne. Ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano. An cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure. Daga baya ta shiga ajin manya kamar naku. A 1990 ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne. A 2012 aka buga fassararsa da Turanci a ƙasar Indiya. Ashe gemu ba ya hana ilimi, goyo ma ba ya hanawa.

Yadda za a fara

1. Nemi littafin rubutu guda, ka ware shi don wannan aiki kawai.
2. Zaɓi lokaci ɗaya, kada ka sauya. Bayan sallar asuba ya fi, kafin a tafi gona. Uwargida kuma ta zaɓi lokacin da ta sauke tukunya.
3. Fara da kwanan wata a saman shafi.
4. Rubuta layi uku a kan abin da ka gani da idonka.

Misali: "Yau an yi ruwan shuka. Na shuka gero a gonar tudu. Takin zamani ya yi tsada a kasuwa."

Layi uku a rana layi 90 ne a wata. Da yayyafi kogi kan cika. In ka yi kuskure, ja layi a kai ka wuce, kada ka yage shafin.

Daga littafinka zuwa jarida

A ƙarshen wata karanta duk abin da ka rubuta. Za ka ga wata magana tana ta dawowa, ko rijiyar da ta lalace, ko tsuntsayen da ke cin shinkafa a fadama, ko wata dabarar ajiye albasa. Wannan shi ne labarinka.

Sake rubuta shi a takarda mai tsabta, ka amsa tambayoyi biyar: Me ya faru? A ina? Yaushe? Su wa ya shafa? Me ake bukata? Karanta wa malamin ajinku da ƙarfi. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne gyara yake. Kada ka rubuta jita-jita, kada ka ɓata sunan kowa. Sa sunanka da na ƙauyenku, ka ba malami ya aiko mana.

In ba ka ga labarinka ya fito ba, sake aiko wani. Koken da aka faɗa a bakin kasuwa iska kan kwashe shi, amma wanda aka buga yakan kai teburin shugaban ƙaramar hukuma.

Aikin gida

Rubuta layi uku kullum har kwana bakwai. Ka kawo littafinka aji ranar ta takwas. Allah ya ba da sa'a, amin.