Kada irin waken gado ya ɓace a rumbunanmu

Manoman Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, idan kaka ta yi, ku ware irin waken gargajiya kafin ku kai saura kasuwa. Kanannado yana jinkirin nuna, amma yana ba da manyan ƙwayoyi da harawa mai yawa ga dabbobi. Ɗan Ila kuwa juriyar fari gare shi. Daga irin waɗannan halaye ne masana a cibiyoyin binciken noma na IAR Samaru da IITA ke haɗa sababbin iri kamar SAMPEA. Juriyar wuta-wuta da wasu sababbin iri ke da ita, daga wani waken gargajiya na Botswana mai suna B301 aka samo ta.

Ku zaɓi kwanso daga lafiyayyun tsirrai tun a gona, kada ku gauraya iri da iri. Ku shanya shi ya bushe sarai, sannan ku zuba a buhun PICS mai ninki uku ko jarka mai murfi. Matsalar tsaro ta raba iyalai da yawa da ƙauyukansu, irinsu ya salwanta tare da rumbu. Don haka ku ajiye ko da rabin mudu ne a hannun ɗan'uwa a wani gari.