Bambancin Fassara da Amincin Nassi: Littafi Mai Tsarki a Hannun Kiristocin Ƙasar Zuru

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga cikin tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Mafi yawan mazaunanta Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, harshensu kuwa shi ne C'lela. Akwai kuma Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauransu, kowa da harshensa. Hausa ita ce ta haɗa su a kasuwa da tasha, ita ce kuma ta haɗa su a majami'a. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar a sami gida ɗaya da Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya, suna noma tare, suna cin tuwo tare. A irin wannan zama, tambaya a kan addini ba daga baƙo take zuwa ba, daga ɗan'uwa take zuwa.

Tambayar da Kirista ya fi gamuwa da ita ita ce: in dai Littafi Mai Tsarki maganar Allah ne, me ya sa na hannun kaka ya bambanta da na hannun jika? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa bambancin da ake gani iri uku ne, kowanne da dalilinsa, kuma cuɗa su wuri ɗaya shi ne ke rikita mai tambaya da mai amsa baki ɗaya.

2.0 Yadda Littafin Ya Iso Zuru

Addinin Kirista ya kafu a Zuru cikin shekarun 1920 ta hannun mishan ɗin United Missionary Society, wadda A. W. Banfield ya soma aikinta a ƙasar Nufe a 1905, wadda kuma daga gare ta ne ikilisiyar UMCA ta samo asali. Daga baya 'yan Katolika da sauran ɗariƙu suka shigo. Da yake harsunan ƙasar suna da yawa, sai Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa da karatu. Ke nan Badakkare ya fara jin Linjila ne da harshe na biyu, wanda shi ma fassara ce daga wani harshe.

Ita kuwa fassarar Hausa ta girmi zuwan mishan Zuru nesa ba kusa ba. J. F. Schön, wani Bajamushe ma'aikacin mishan ɗin CMS, shi ya soma ta. Ya sami taimakon Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Aikin Schön ya kai ga buga Sabon Alkawari a 1880. Bayansa Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa, tare da wasu 'yan mishan da mataimaka Hausawa, suka ɗauki aikin har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Wannan shi ne littafin da Kiristocin farko na Zuru suka koyi karatu da shi. A wajen 1980 wata sabuwar fassara ta bazu ta hannun Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966. Sa'an nan aka sami wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa, wadda aka sake bugawa a 2020.

3.0 Bambanci na Farko: Ƙa'idar Rubutu

Wannan shi ne mafi sauƙi. Fassarar 1932 ta fito ne kafin ƙa'idojin rubutun boko su zauna da gindinsu. A zamanin ana rubuta "chikin" a inda yanzu ake rubuta "cikin", baƙaƙe masu ƙugiya kuwa, watau ɓ da ɗ da ƙ, ba su bazu ba sai a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da R. M. East ke shugabancin aikin talifi a Zariya, musamman bayan fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa buɗe littattafan farkon zuwan Turawa ya san wannan. Sauya harafi bai taɓa ma'ana ba, kamar yadda sake wa mutum riga ba ya sake masa suna.

4.0 Bambanci na Biyu: Zaɓen Kalma

An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, in ban da wasu 'yan sassa da ke cikin harshen Aramiya, Sabon Alkawari kuwa da Girkanci. Duk abin da ke hannun mai karatu a Zuru fassara ce, mai fassara kuwa dole ya yi zaɓe. Ga misalai daga tsohuwar fassara da wadda ta biyo ta:

(a) Tsohuwa ta ce Kristi, sabuwa ta ce Almasihu. Ta farko daga Girkanci take, ta biyu daga Larabci, tushenta kuma ɗaya ne da na kalmar Ibrananci. Ma'anarsu duka ita ce wanda aka shafe da mai, watau aka keɓe.

(b) Tsohuwa ta ce Matta da Yohanna, sabuwa ta ce Matiyu da Yahaya. Mutanen ba su sake ba, lafazin sunayen ne ya sake.

(c) Littafin da tsohuwa ta kira Kubawar Shari'a, sabuwa ta kira shi Maimaitawar Shari'a. Lissafi ya koma Ƙidaya, Ru'ya kuma ta koma Wahayi.

Dalilin wannan sauyi shi ne manufa. Masu aikin farko sun fi manne wa ginin jimlar asali, suka kuma ɗebo kalmomin Larabci irin na malaman birni. Masu aikin baya sun zo ne bayan ra'ayin Eugene Nida ya bazu cikin shekarun 1960, wanda ya ce ma'aunin fassara shi ne mai ji ya fahimci abin da mai ji na farko ya fahimta. Wannan ra'ayi yana da amfani ƙwarai a wuri kamar Zuru, inda manomi zai iya cin kasuwa da Hausa sarai, amma kalma irin "kubawa" ta wuce shi.

A nan ya kamata a lura da wani bambanci na asali tsakanin addinan biyu, don shi ne tushen rashin fahimta da yawa. A wurin Musulmi, Alƙur'ani lafazinsa na Larabci shi ne saukakke, abin da aka juya zuwa wani harshe kuwa bayanin ma'ana ne. Shi ya sa Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya kira aikinsa tarjamar ma'anoni. A wurin Kirista kuwa, fassara ita ma Littafi ce, ana karanta ta a sujada ba tare da an koma ga Girkanci ba. Tun kafin haihuwar Almasihu Yahudawan Iskandariya ta Masar suka juya Attaura zuwa Girkanci, marubutan Sabon Alkawari kuma sun yi ta ɗauko nassi daga wannan fassara. Masanin nan ɗan ƙasar Gambiya, Lamin Sanneh, ya gina littafinsa na 1989 a kan wannan batu, cewa yarda da fassara na cikin jinin addinin Kirista tun farkonsa. Saboda haka idan Musulmi ya ga fassara uku ya yi mamaki, da ma'aunin addininsa ya auna, Kirista kuwa bai kamata ya ji haushi ba, bayani ya kamace shi.

5.0 Bambanci na Uku: Kofen Hannu

Wannan shi ne mai nauyi, kuma shi ne wanda masu kare addini suka fi gudu. Babu ko ɗaya daga cikin takardun da manzanni suka rubuta da hannunsu da ya iso wannan zamani. Abin da ke akwai kofe ne da aka yi ta juyawa da hannu har zuwa lokacin da na'urar ɗab'i ta samu. Mai juya littafi kuwa ɗan Adam ne: yakan tsallake layi, yakan maimaita kalma, wani lokaci yakan shigar da sharhin gefe cikin matani.

Ɗaliban Hausa ba baƙin wannan matsala ba ne. Duk wanda ya nemi waƙoƙin ajami na ƙarni na 19 ya san cewa kofen da ke Sakkwato kan bambanta da na Kano a baiti ɗaya ko biyu. Manazarci ba ya cewa waƙar ta ɓace. Yakan tara kofe, ya jera su, ya duba wanne ya fi tsufa, ya gano inda alƙalami ya zame. Yawan kofe shi ke fito da bambanci fili, shi ne kuma ke ba da damar gyara shi. Wanda ke da kofe ɗaya tak ba zai ga saɓani ba, amma kuma ba shi da abin da zai gwada nasa da shi.

A kan wannan ma'auni, Sabon Alkawari yana da kofen Girkanci fiye da 5,000, cikakku da gutsattsari, ban da tsofaffin fassarori na Latin da Suriyanci da Kibɗanci da Ge'ez na Habasha. Akwai kundi biyu na fata daga ƙarni na 4: ɗaya yana ɗakin karatu na Batikan, ɗayan kuma shi ne wanda Constantin von Tischendorf ya gano a gidan ibada na Dutsen Sinai a 1844 da 1859, wanda Ingila ta saya daga Tarayyar Sobiyet a 1933 a kan fam 100,000. Akwai kuma wani ɗan guntun takarda daga Masar mai ɗauke da 'yan layuka na sura ta 18 ta Linjilar Yahaya, wanda aka bayyana a 1935, yana ajiye a Manchesta, galibin masana kuma suna sa shi a ƙarni na 2. Abin lura shi ne rairayin Masar, watau ƙasar Afirka, shi ya adana mafi tsufan waɗannan takardu.

Game da Tsohon Alkawari kuwa, cikakken kofen Ibrananci mafi tsufa shi ne kundin Leningrad na wajen 1008. A 1947 aka soma gano naɗaɗɗun littattafai a kogwannin Kumran, kusa da Tekun Gishiri. A cikinsu akwai littafin Annabi Ishaya kusan cikakke, wanda ya girmi kundin Leningrad da shekara fiye da 1,000. Da aka gwada su, sai aka tarar sun yi daidai ƙwarai, mafi yawan saɓaninsu na haruffa ne da nahawu. Amma gaskiya ta wajabta a ƙara da cewa wasu gutsattsarin littafin Irmiya na Kumran sun nuna wani tsari gajere, irin na tsohuwar fassarar Girkanci.

Haka nan akwai wurare sanannu a Sabon Alkawari da kofe suka saɓa. Ƙarshen Linjilar Markus, 16:9-20, babu shi a kundi biyun nan na ƙarni na 4. Labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, babu shi a kofe mafi tsufa. Ayoyi irin su Ayyukan Manzanni 8:37 fassarori da yawa na zamani sun mai da su ƙasan shafi. Dalili shi ne Erasmus, wanda ya buga Sabon Alkawari na Girkanci a 1516, 'yan kofe kaɗan na baya-baya ya samu, kuma a kan irin wannan matani aka gina fassarar Sarki Yakubu ta Turanci ta 1611. Lambobin ayoyi ma sai a 1551 Robert Estienne ya sa su. Da tsofaffin kofe suka bayyana, sai aka gyara matani, aka bar lambobi yadda suke. Ke nan ayar da ake cewa an cire, sau da yawa ƙari ce da aka gano. Masanan Kirista da kansu suka gano ta, suka kuma rubuta ta inda kowa zai gani. Babu kuwa wani ginshiƙin aƙida, kamar gicciyewa da tashi daga matattu, da ya rataya a kan ɗaya daga cikin waɗannan wurare shi kaɗai.

6.0 Iyakar Hujja

Wajibi ne mai kare addini ya san inda hujjarsa ta tsaya. Kofen hannu suna iya nuna cewa abin da ake karantawa a majami'un Zuru da Dabai da Ribah ya yi daidai, a jimlace, da abin da Kiristocin ƙarni na 2 zuwa na 4 suke karantawa, tun ƙarnuka kafin a san Ingila da mishan. Wannan amsa ce ga mai cewa Turawa ne suka rubuta littafin. Amma kofe ba za su tabbatar da cewa abin da ke ciki hurarre ne daga Allah ba. Wannan magana ce ta bangaskiya, kowane mai addini kuma yana da irinta. Wanda ya ce tarihi ya tabbatar da komai ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Wanda kuma ya yi rantsuwa cewa babu saɓani ko na harafi ɗaya, ya haƙa wa ɗalibinsa rami, don ranar da yaron ya ga bayanin ƙasan shafi zai zaci an yaudare shi, ya yar da gaskiya tare da ƙarya.

Littafin da kansa ya nuna hanya. Luka ya buɗe Linjilarsa da bayanin cewa ya bi diddigin al'amura daga shaidun gani da ido kafin ya rubuta. Wasiƙar Bitrus ta fari kuma, a sura ta 3, ta umarci mai bi ya zauna da shirin ba da dalilin begensa, amma cikin tawali'u da ladabi. Tun daga shekarun 1980, lokacin da ƙasidu da kaset-kaset na muhawara irin na Ahmed Deedat suka bazu a Arewa, an fi koyon kayar da abokin magana a kan fahimtar da shi. Irin wannan ba ta dace da garin da abokin muhawara kawu ne ko suruki ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa bambancin da ke tsakanin littafin kaka da na jika iri uku ne: na rubutu, wanda tarihin boko ya haifar, na kalma, wanda manufar mai fassara ta haifar, da na kofe, wanda hannun ɗan Adam ya haifar, bincike kuma ya fito da shi fili. Biyun farko aikin masana harshe ne, kuma fili ne da sassan Hausa na jami'o'i ya kamata su ƙara shiga, don fassarorin nan taska ce ta tarihin Hausar ƙarni ɗaya da rabi. Na ukun yana bukatar gaskiya da ƙarfin hali daga malaman majami'a. Kiristan Zuru da ya san waɗannan abubuwa ba ya bukatar ɓoye shafi ko ɗaga murya. Zai iya buɗe littattafan biyu a kan tabarma ɗaya, ya nuna wa ɗan'uwansa inda suka bambanta da dalilin bambancin, sa'an nan kowa ya tashi da mutuncinsa.