Zaɓen Keken Fatsa da Zare Masu Sauƙin Kuɗi Domin Kamun Tsage da Giwan Ruwa

Kudancin Jihar Kaduna ƙasa ce mai albarkar ruwa. Damina takan sauka tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Daga duwatsun Kagoro da gefen tsaunukan Jos rafuka ke gangarowa, waɗansu su bi ta kusa da Kafanchan su faɗa Kogin Mada zuwa Binuwai, waɗansu kuma su shiga Kogin Kaduna ko Gurara zuwa Kwara. Kan Gurara ɗin nan ne aka gina madatsa wadda ke ba Abuja ruwan sha. Duk da haka, kifin da ake ci a gidaje da yawa na wannan yanki daga nesa ake kawo shi, ko dai busasshe ko na ƙanƙara.

Tun da cutar citta ta auka wa gonakin Kachia da Kagarko da Jaba a shekarar 2023, manoma da yawa suka gane hatsarin dogara ga sana'a ɗaya. Fatsa ba za ta maye gurbin gona ba, amma takan sa nama a tukunya, wani lokaci ma a sami na sayarwa. Sai dai mutumin da ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi kayan da ba su dace ba, ya yi hasara biyu, ta kuɗi da ta kifi. Wannan darasi zai nuna yadda ake zaɓen kaya nagari ba tare da an kashe dukiya ba.

1. A fara sanin kifin

Keken fatsa wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sandar fatsa. Tana ɗauke da zare mai tsawo, tana sakinsa idan an yi jifa, tana naɗe shi idan an juya mariƙinta. Wani Bature mai masaƙa a Ingila, Alfred Illingworth, shi ya yi rajistar irin wannan keke a 1905. Galibin waɗanda ake kawowa Nijeriya yau a ƙasashen Asiya ake ƙera su, kuma da yawa domin kifin teku aka yi su, kamar wanda Turawa ke kira kinfish, watau sarkin kifi. Kifi ne mai gudun tsiya, mai haƙora kamar aska, wanda danginsa ke yawo a tekun Legas.

Babu teku a Kafanchan, amma ruwayen Nijeriya suna da takwaransa, shi ne tsage. Shi ma mafarauci ne, yana fizgar koto da ƙarfi, ya zura da gudu, ya yi tsalle sama yana girgiza kai. Haƙoransa suna datse zaren roba nan take, bakinsa kuwa ƙashi ne mai tauri wanda ƙugiya marar kaifi ba ta hudawa. Wanda aka fi kamawa bai cika wuce kilo biyu ko uku ba, amma ƙarfinsa ya fi girmansa.

Giwan ruwa halinsa dabam ne. Yakan fake a gurbi mai zurfi, kusa da duwatsu ko kututturen itace, idan ya ji ƙugiya sai ya nufi maɓoyarsa da nauyinsa duka. A manyan tafkuna yakan wuce kilo 100, ko da yake irin wannan ba safai ake gamuwa da shi ba.

Waɗannan kifaye biyu a manyan koguna da madatsu suke zama. Ƙananan rafuka na kan tudu, irin na wajen Matsirga, sun fi ba da karfasa da tarwaɗa da kurungu, waɗanda sandar gora da zare da tana sun ishe su. Wanda iyakarsa rafin bayan gari ba ya bukatar keke ko kaɗan. Daidai ruwa, daidai tsaki. Saboda haka kafin a taɓa aljihu, a tambayi masuntan wurin irin kifin da ke cikin ruwan da za a je.

2. Girman keke

Masu ƙera kekuna sukan sa musu lamba, daga 1000 har zuwa 10000 ko fiye. Lambar ba ɗaya take ba tsakanin kamfani da kamfani, amma tana nuna girma. Domin tsage da matsakaicin giwan ruwa, lamba 4000 ko 5000 ta wadatar. Ƙaramin keke ba ya ɗaukar isasshen zare, babba kuwa ga tsada, ga nauyi mai gajiyar da hannu.

Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne rubutun da ke jikin ƙwarƙwaro, watau mazaunin zaren. A can ake nuna kaurin zare da tsawon da zai ɗauka. A nemi wanda zai ɗauki mita 150 zuwa 200 na zare mai kaurin milimita 0.35. Akwai kuma wata lamba, kamar 5.2:1, ma'anarta duk juyi ɗaya na mariƙi, keken zai naɗa zare sau biyar da ɗan ɗori. Wannan saurin ya isa a ja koton ƙarfe yadda tsage ke so.

3. Birki shi ne ran keke

A saman ƙwarƙwaro akwai murfi da ake murɗawa. A ƙarƙashinsa akwai faya-fayai masu matse ƙwarƙwaron, su ne birki. Aikinsa shi ne ya bar zare ya fita da ƙyar idan kifi ya ja da ƙarfi, kafin jan ya kai inda zaren zai tsinke. Da haka ne zare mai ɗaukar kilo 8 ke kawo kifi mai kilo 15 bakin gaɓa: kifin ne ke gajiya, ba zaren ba.

A nan ne keken banza ke tona asirin kansa. Birkinsa yakan riƙe, ya saki, ya sāke riƙewa, kuma a wannan fizga ce zare ke tsinkewa. Don haka kada a biya kuɗi sai an yi wannan gwaji a gaban mai kanti. A naɗa ɗan zare, a matse birkin kaɗan, a ja da hannu a hankali. Idan zaren ya fito sumul babu tsayawa, birkin nagari ne. A ƙara matsewa a sāke ja. Lalle ne ƙarfin ya riƙa ƙaruwa sannu sannu, ba wai daga sako-sako a faɗa cikin ƙam ba.

Bayan birki, a duba waɗannan:

(a) A juya mariƙi. Kada a ji ƙara ko gurzawa kamar akwai yashi a ciki.
(b) A juya shi baya. Ya kamata ya tsaya cak, ba ya wasa.
(c) A buɗe bakan wayar da ke kama zare, a rufe, sau goma. Ya riƙa komawa da ƙarfinsa.
(d) A taɓa 'yar tayar da zare ke bi ta kanta a gefen bakan. Idan ba ta juyawa, za ta ci zaren.
(e) A shafa leɓen ƙwarƙwaro da yatsa. Kada a ji kaushi ko tsaga. Na alminiyam ya fi na roba ƙarko.
(f) A riƙe ƙafar keken a ɗan murɗa jikinsa. Wanda ke lanƙwasa a hannu zai lanƙwasa a gaban kifi.

Kada yawan boris da aka rubuta a jikin kwali ya ruɗi mai saye. Boris huɗu ko biyar nagari sun fi goma sha biyu na ƙarya. Haka kuma ƙyalƙyali da ruwan zinariya ba sa kama kifi. Kamfanoni irin su Shimano da Daiwa na Japan, da Penn na Amurka, da Okuma na Taiwan, duk suna da kekuna na masu ƙaramin ƙarfi, amma akwai jabu masu ɗauke da sunayensu. Keken gwanjo na asali wanda ya ci gwajin nan ya fi sabo na jabu. Araha ba ta ado, tsada kuma ba shaida ba ce. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

4. Zare

Zare iri biyu aka fi samu. Na farko shi ne na roba mai sili ɗaya, wanda aka yi da nailan. Yana da araha, yana ɗan miƙewa idan an ja shi, wannan kuwa yana rage zafin fizgar tsage. Yana kuma jure gogar dutse. Na biyu shi ne saƙaƙƙe, wanda aka tufka da silla masu yawa. Ya fi siranta da ƙarfi, amma yana da tsada, ba ya miƙewa, kuma kaifin dutse yana yanka shi da sauri. Tun da yake kogunan wannan yanki cike suke da duwatsu, na roba ya fi dacewa da mai koyo da mai ƙaramin jari.

Zaren roba mai kaurin milimita 0.35 yakan ɗauki wajen kilo 7 zuwa 8, mai 0.40 kuma wajen kilo 9 zuwa 10, gwargwadon ingancin kamfanin. Na farkon ya isa tsage, na biyun ya fi kyau inda ake sa ran giwan ruwa. Wanda ya fi haka kauri ba ya kwanciya a kan keke mai lamba 4000, yakan zubo a murɗe, ya rage nisan jifa.

Rana tana kashe nailan. Zaren da ya daɗe a rataye a bakin kanti ya riga ya mutu ko da ba a taɓa jiƙa shi ba. Alamarsa ita ce dushewar launi da gari-gari a yatsa. Gwada ƙarfinsa ba wuya, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A ɗaura jarka da zaren a reshen itace, a riƙa zuba ruwa lita lita har ya tsinke. Galibi a wajen ƙulli zai tsinke, domin kowane ƙulli yana rage ƙarfin zare. Shi ya sa ake jiƙa ƙulli da yawu kafin a ja shi, don kada zafin guga ya ƙona shi.

Da wannan dabara kuma ake daidaita birki. Ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Idan zaren na kilo 8 ne, a rataya galan mai ruwa lita biyu, a riƙe keken a hannu, a sassauta birkin har galan ɗin ya fara sauka a hankali. Nan ne wurinsa.

Wajen naɗi, a cika ƙwarƙwaro har ya rage milimita 2 ko 3 ya kai leɓe, a kuma naɗa shi a matse. Wanda bai cika ba yana rage jifa, wanda ya cika ya batse yana harɗewa.

5. Abin da ke tsakanin zare da ƙugiya

Komai kyan keke da zare, tsage zai tafi da ƙugiya muddin babu waya a gabanta. A sa wayar ƙarfe siririya mai tsawon santimita 20 zuwa 30. Idan ba a sami ta kanti ba, sili biyu ko uku na wayar birkin keke za su yi, amma a riƙa sauya su saboda tsatsa. Giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka, sai dai murfin kunnensa yana da kaifi, don haka a sa masa zaren roba mai kaurin milimita 0.70 ko 0.80, tsawon mita ɗaya. Tsakanin waya da zare a sa majuyi, ɗan ƙarfen nan mai juyawa, don kada koton ƙarfe mai siffar cokali ya murɗe zaren. A wasa ƙugiya har sai bakinta ya kama farce.

Sanda ta faiba mai tsawon mita biyu zuwa biyu da rabi ta isa. A duba zobbanta, domin zobe ɗaya mai tsaga yana iya cinye sabon zare a yini guda.

Shawara ita ce a kasa kuɗin gida huɗu: biyu ga keke, ɗaya ga sanda, ɗaya ga zare da waya da ƙugiyoyi. Idan kuɗin ya gaza, a rage daga sanda. Kada a rage daga zare.

6. Riƙon kaya da kiyaye doka

Idan kifi yana gudu da zare, kada a juya mariƙi, domin hakan murɗe zaren yake yi. A bari ya tsaya, a ɗaga sanda, a sauke ta ana naɗewa. Bayan an dawo gida, a goge keke, a sassauta birki, a ɗiga man keken ɗinki a tayar zare da mariƙi. Kada a ajiye shi a kan yashi, kuma da hunturu a sa shi cikin jaka saboda ƙura. A yanke mita biyu na bakin zare duk lokacin da aka ji kaushi, a sabunta shi gaba ɗaya kowace shekara. Tsohon zare kuwa kada a yar da shi a bakin kogi, yana harɗe tsuntsaye da ƙafafun dabbobi.

Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana kashe kifi da guba ko nakiya ko wutar lantarki. Mai zuba maganin ƙwari a gurbi yana kashe abincin baɗi, yana kuma sa wa masu shan ruwan cuta. A mayar da ƙananan kifi ruwa. A nemi izinin sarkin ruwa ko dagaci kafin a shiga ruwan wani gari, a madatsa kuma izinin hukumar da ke kula da ita. A guji duwatsu masu santsi da kogin da ya kawo a watannin Agusta da Satumba, a kuma kwantar da sanda da zarar hadari ya taso. Mai neman ƙarin ilimi yana iya tuntuɓar malaman kifi na jiharsa, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, Jihar Neja.

Tambayoyi domin bita

1. Me ya sa mai kamun karfasa a rafi ba ya bukatar keken fatsa?
2. Yaya ake gane birki nagari a gaban mai kanti?
3. Idan zare na kilo 9 ne, ruwa lita nawa za a rataya domin daidaita birki?
4. Wane bambanci ke tsakanin abin da ake sa wa tsage da wanda ake sa wa giwan ruwa a gaban ƙugiya?
5. Waɗanne hanyoyi uku na kamun kifi dokar 1992 ta hana?